Ƙarfe Uku na Dare

Wayarka ta yi ƙara ƙarfe uku na dare,
kwana tara bayan an kai Inna makwanci.
Na ji ka tashi, Tanimu, ba ko takalmi,
za ka juya ta ɓarin hagu yadda likita ya ce,
sai ka tarar da katifa jingine da bango.
Ka tsaya.
Ni ma ban motsa daga tabarmata ba.
Sanyin Jos yana ta shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Shekara uku da wata biyu.
Ni daga Abuja in turo kuɗi, in bugo, in ce yaya mai jiki,
kai kaɗai ka san amsar.
Kai ka rufe shagon ɗinkinka na Taminus
har masu kaya suka gaji suka canza tela.
Ka koyi dama kunu ba gudaji,
ka ba ta da ƙaramin cokali,
kana share gefen bakin da ya karkace.
Ka san mai keken da zai kai ku asibitin Lamingo a hankali,
wanda ba ya faɗa wa rami,
ka san layin yankar kati tun kafin a kira assalatu.
Ranar wanka kuwa sai ka ƙwanƙwasa wa Ngo Kangyang,
ka tsaya bayan labule kana miƙa ruwan ɗumi,
idonka a ƙasa.

Da aka zauna makoki unguwa ta cika.
Kawu Shekarau, da ya leƙo sau biyu a shekara uku,
shi ya zauna gaba yana karɓar gaisuwa.
Kai kana can kana cika butoci,
kana lissafi da mai hayar kujeru.
An yi uku, an yi bakwai, an naɗe tabarmi.
Kowa ya ce Allah ya jiƙanta.
Ba wanda ya kalli hannunka
da sabulun wankin zannuwa ya cinye.

Jiya Ngo ta kawo gwate a kwanon sha,
ta ajiye gabanka, ta ƙi tafiya sai da ka ci.
Tana fita ka ce,
Yaya, daren da aka rufe ta na yi barci har hantsi.
Kuma ya yi mini daɗi.
Wane irin ɗa ne ni?

Ban amsa ba a lokacin, maƙoshina ya toshe.
Ga amsar yanzu.
Barcin nan bashi ne, ƙanena,
dare dubu da ɗoriya kake bin sa,
ya zo ya biya ka guda ɗaya.
Inna da kanta, da harshenta bai yi nauyi ba,
da tuni ta kore ka ka je ka kwanta.
Kuma ranar da ka ɗaga mata murya kan magani,
wadda kake ta juyawa a ranka,
ɗora ta a sikeli da sauran ranakun, ka ga.

An sauke tulu, amma wuya bai samu labari ba.
Kada ka yi masa gaggawa.

Na roƙi ƙarin hutu a wurin aiki.
Gobe mu kwashe ragowar ƙwayoyin da ke kan taga,
keken turawar nan mu kai wa tsohon nan na Rikkos
da jikarsa ke goyawa.
Jibi, in ka iya, mu je shago,
ko buɗe ƙofa kawai ka yi, ka ɗiga wa keke mai.
In ba ka iya ba, akwai gata.

Wayar kuwa, bar ta yadda take.
In ta yi ƙara anjima, zan tashi tare da kai.
Na bar ruwa a fulas,
akwai citta, akwai kofi biyu.